Sinadarin da ke narkewa kafin a zuba masa ruwa: adabi ne ko yaudara?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani rubutu da nake so mu tattauna a kansa, domin ya shafi malaman kimiyya da marubutan da ke cikin wannan zaure baki ɗaya. A watan Maris na 1948, mujallar ƙagaggun labaran kimiyya ta Amurka mai suna Astounding Science Fiction ta buga wani rubutu na marubucin Amurka Isaac Asimov wanda babu jarumi a cikinsa, babu kumbo, babu ma wani labari da za a bi. Ya zo ne da siffar rahoton bincike irin wanda masana ilimin sinadarai ke aika wa mujallunsu: ga gabatarwa, ga bayanin yadda aka gudanar da gwaji, ga jadawalin alƙaluma da zane-zane, a ƙarshe kuma ga jerin manazarta. Abin da ake bincike a kansa wani sinadari ne da ya raɗa wa suna tayotimolin, wanda aka ce ana samo shi daga ɓawon wani tsiro, kuma babbar siffarsa ita ce yana narkewa sakan 1.12 kafin ruwa ya taɓa shi. Sinadarin babu shi, tsiron babu shi, mujallun da aka ambata a manazarta su ma babu su.

A lokacin Asimov ɗalibi ne mai neman digiri na uku a Jami'ar Kolambiya da ke birnin New York, kuma a cikin gwaje-gwajensa yakan narkar da wani sinadari na gaske da ake kira katekol, wanda da zarar ya taɓa saman ruwa sai ya ɓace. Ya faɗa da kansa cewa wata rana ya raya a ransa cewa da abin nan zai ƙara sauri ko kaɗan, to da sai ya narke tun bai isa ruwan ba. Dalili na biyu kuma shi ne ya shekara tara yana horar da alƙalaminsa a kan rubutu mai sauƙin fahimta, sai ya ji tsoron ba zai iya rubuta kundin digiri da irin nauyayan jimlolin da malamansa ke so ba, don haka ya yi wannan maƙala a matsayin gwajin hannu. Tambayata ita ce: wannan aiki adabi ne da ya cancanci yabo, ko kuwa wasa ne da amanar mai karatu?

Malam Tukur:
Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, ni ra'ayina a kan wannan a bayyane yake, kuma na san ba zai yi wa matasanmu daɗi ba. Kowace al'umma tana da hanyar da take sanar da mai sauraro cewa abin da zai ji ƙirƙira ne. Mu a nan, tsohuwa ba ta fara tatsuniya sai ta ce "ga ta nan ga ta nanku", ba ta kuma rufewa sai ta ambaci Gizo ta jingina ƙaryar da ta yi a kansa, saboda haka ko yaro ɗan shekara biyar ya san kada ya tafi daji neman Ƙoƙi. Shi kuwa wannan marubuci da gangan ya cire alamar, ya ɗauko rigar da mutane suka saba gani a jikin gaskiya ya sanya wa ƙarya. Jadawali da manazarta ba ado ba ne, alkawari ne cewa wani ya auna, kuma duk mai shakka yana iya zuwa ya duba. Asimov da kansa ya ba da labarin cewa an shaida masa yara sun yi ta zuwa babban ɗakin karatu na New York suna neman mujallun nan da babu su. Wanda ya sa yaro ya taka har ɗakin karatu neman abin da bai taɓa wanzuwa ba, ban ga yadda za a ce bai yaudare shi ba.

Dakta Hauwa:
Allah ya gafarta Malam, ina ganin alamar da kake nema tana nan, sai dai ba a cikin rubutun take ba, tana kan bangon mujallar. Wanda ya je ya sayi mujallar da sunanta ya ce ƙagaggun labarai ce, an riga an ce masa "ga ta nan ga ta nanku" tun kafin ya buɗe shafin farko. Ban da haka, marubucin bai ɓoye ƙaryarsa a ƙasan jadawali ba. Ya ajiye ta a fili inda kowa zai yi tuntuɓe da ita, domin babu mai hankalin da za a ce masa abu ya jiƙe kafin a zuba masa ruwa ya wuce bai tsaya ba.

Abin da ya sa nake ganin rubutun ya wuce barkwanci shi ne yadda aka gina hujjarsa. Ya fara da magana ta gaskiya da kowane ɗalibin ilimin sinadarai ya sani, cewa idan ƙwayar sinadari tana ɗauke da sassa masu ƙaunar ruwa da yawa, narkewarta takan fi sauƙi. Daga nan sai ya ce to ai idan aka ci gaba da ƙara waɗannan sassa, lokacin narkewa zai yi ta raguwa har ya kai sifili, idan aka ƙara kuma sai ya gangara ƙasa da sifili. Kowane mataki yana kama da na gabansa, amma ƙarshen hanyar shirme ne. Wannan ita ce ainihin cutar da nake fama da ita a kundayen ɗalibai: a auna abu a wurare huɗu ko biyar, a ja miƙaƙƙen layi, sannan a ci gaba da jan layin har ya fita daga inda aka auna, a dawo ana ba da sakamako da cikakken tabbaci. Asimov ya ja layin ne har inda kowa zai ga ya tsinke.

Akwai kuma wani wuri da ya fi ba ni dariya. Maƙalar ta koka cewa sakamakon gwajin yana canzawa gwargwadon niyyar mai gwaji, domin idan yana da ɗan kokwanto a kan ko zai zuba ruwan ko ba zai zuba ba, sinadarin ma sai ya yi jinkiri, saboda haka aka ƙera na'urar da za ta riƙa zuba ruwan da kanta. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin gwaji ya san abin da ake zolaya a nan.

Game da amana kuwa, masu ilimin da abin ya fi shafa ba su ɗauke shi cin amana ba. Asimov ya roƙi editan mujallar, John W. Campbell, ya buga rubutun da sunan aro, don gudun kada malamansa su ga kamar yana yi wa fanninsu ba'a, amma editan ya buga da sunansa na gaskiya, 'yan watanni kafin ranar kare kundinsa. A ƙarshen zaman, bayan an gama yi masa tambayoyi masu zafi, sai ɗaya daga cikin farfesoshin ya nemi ya yi musu bayani a kan siffofin tayotimolin. Dariya ta ƙwace masa har sai da aka fitar da shi daga ɗakin, kuma a ranar aka tabbatar masa da digirinsa.

Zainab:
Anti Dakta, ina da tambaya, ko da yake na san abin ƙirƙira ne. Idan sinadarin ya narke saboda za a zuba masa ruwa nan da sakan ɗaya, ni kuma da na ga ya narke sai na janye hannuna na fasa zubawa, me zai faru? A ganina nan ne dabarar za ta rushe, kuma idan marubucin bai amsa wannan ba, to bai gama aikinsa ba.

Injiniya Bashir:
Ƙanwata Zainab, Asimov ya koma wa batun har sau uku bayan na farko. A 1953 ya fitar da maƙala ta biyu, inda ya kawo dalilin wannan siffa. Sanannen abu ne cewa ƙwayar zarrar kabon tana da hannuwa huɗu da take riƙe wasu ƙwayoyin da su. Sai ya ce a cikin tayotimolin cunkoso ya yi yawa har hannuwan suka rasa wurin miƙewa, biyu suka tsaya a inda muke, ɗaya ya miƙa zuwa lokacin da ya wuce, ɗaya kuma zuwa lokaci mai zuwa, kuma wannan na ƙarshen shi ne yake taɓa ruwan da bai iso ba. A cikin maƙalar ya ce tun da narkewar ta dogara da ƙarfin niyyar mai zubawa, ana iya amfani da ita wajen auna ƙarfin zuciyar mutum, har ma da gano masu taɓin ƙwaƙwalwa.

Amsar tambayarki tana cikin rubutu na uku, na 1960, wanda ya tsara shi kamar jawabin da wani masani ke gabatarwa a taron ƙungiyar masu binciken wannan sinadari. A can ya ce idan aka jera na'urorin nan masu zuba ruwa da kansu, narkewar ta farko ta kunna ta biyu, ta biyu ta kunna ta uku, to kowace tana ƙara sakan 1.12 a kan ta gabanta. Na ɗauki kalkuleta na buga lissafin da ya bayar: na'ura 77,000 sau 1.12 ya ba da sakan 86,240, yini guda da darensa kuwa sakan 86,400 ne. Ke nan lissafinsa daidai yake, za a iya sanin yau ko za a yi ruwa gobe. Sai masu binciken cikin labarin suka gwada abin da kika ce, suka bari na'urar ƙarshe ta narke, sannan suka rufe ta farko don kada ruwa ya same ta. Duk lokacin da suka yi haka, sai wani abu ya faru da zai kai ruwan wurin ko ana so ko ba a so, ko wani ya yi kuskure ya zubar, ko kuma, idan an tsare kowace ƙofa, guguwar teku ta taso ta nufo garin. Daga nan mai jawabin ya gane cewa abin ya zama makami, domin ana iya jawo wa abokan gaba ambaliya da shi. Idan aka tuna cewa 1960 tsakiyar zaman doya da manja ne tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat, za a ga inda ya dosa. Na huɗu ya fito a 1973, kuma shi ya fi karkata ga labari, inda ake amfani da sinadarin wajen tafiya zuwa taurari.

Malam Yusufu Damagaram:
Gaisuwa ga jama'a. Wannan gardama ta girmi Asimov nesa ba kusa ba. Mu da muka yi makaranta da Faransanci mun tashi da littattafan Jules Verne, kuma shi ra'ayinsa ya fi kusa da na Malam Tukur. A littafinsa na 1865 a kan tafiya zuwa wata, ya harba mutanensa ne da wata ƙatuwar igwa da aka haƙa a jihar Florida, ya cika shafuka da lissafin nauyi da gudu da yawan albarushi, domin yana so komai ya tsaya a kan abin da injiniyoyin zamaninsa suka sani. Da H. G. Wells na Ingila ya fitar da nasa a 1901, bai wahalar da kansa ba, sai ya ƙirƙiro wani ƙarfe mai suna kaborait wanda ke tare ƙarfin da ƙasa ke janyo abubuwa da shi. Verne ya soki wannan a wata hira da aka yi da shi, ya ce shi da kimiyya yake aiki, Wells kuwa ƙirƙira yake yi, in gaskiya ne ya fito da ƙarfen a gani.

Sai dai abin lura shi ne igwar Verne ma ba za ta yi aiki ba, domin ƙarfin harbin zai murƙushe duk wanda ke cikin harsashin tun bai bar bakin igwar ba. Wells ya yi ƙarya guda ya nuna ta, Verne kuwa ya lulluɓe tasa da lissafi. Ina matuƙar son Verne, amma idan ana maganar wanda ya fi iya sa mai karatu ya gaskata abin da ba zai yiwu ba, shi ne.

Malam Tukur:
Na gode muku, na kuma ƙaru, musamman da bayanin Dakta a kan jan layi. Amma har yanzu ba a taɓa abin da ke damuna ba. Dakta ta ce alamar tana kan bangon mujalla. To, a 1948 rubutu da bangonsa tare suke tafiya. Yau fa? Yau mutum zai ɗauki hoton shafi guda ya tura a WhatsApp, bango ya tsaya a baya, wani ya fassara, wani ya ƙara "masana sun gano" a sama da "tura wa 'yan uwa" a ƙasa. Ku dubi batun jar zaiba. Babu wani sinadari mai siffofin da ake jingina mata, amma tun wajen rugujewar Tarayyar Sobiyat ake yaɗa cewa da ita ake haɗa makamin nukiliya, wasu kuma suka ce aljanu ake kira da ita. A 2009 jita-jita ta bazu a Saudiyya cewa tana cikin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, har aka ruwaito ana taya wasu a kan riyal 200,000, masu saye suna kara wayar salula kusa da allura wai idan layi ya yanke to akwai ta. Sinadarin ƙarya ba ya zama a inda aka haife shi.

Dakta Hauwa:
Malam, a kan WhatsApp ba ni da ja, amma jar zaiba ba marubucin adabi ne ya ƙago ta ba, 'yan damfara ne suka raine ta, kuma ba su taɓa buƙatar jadawali ko manazarta ba. Idan ana neman rubuce-rubucen bogi da aka yi don a yaudari wani da gaske, suna nan, kuma sun sha bamban da na Asimov. A 1996 Alan Sokal, masanin fiziks a Jami'ar New York, ya aika wa mujallar nazarin al'adu mai suna Social Text wata maƙala da ya cika da maganganu marasa tushe da manyan kalmomi, suka buga, shi kuma ya fito a wata mujallar ya tona asirin. A 2005 wasu ɗalibai a jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka suka rubuta manhajar kwamfuta mai harhaɗa maƙalu marasa ma'ana, wani taron masana ya karɓi ɗaya, kuma a 2014 sai da manyan kamfanonin buga bincike guda biyu suka janye maƙalu sama da 120 da aka gano da wannan manhaja aka haɗa su.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2013. Wani ɗan jarida mai suna John Bohannon, tare da mujallar Science, ya rubuta maƙala a kan wani sinadari da aka ce an samo daga wani tsiro mai kama da gansakuka kuma yana hana ƙwayoyin cutar daji girma, ya dasa kurakuran da duk ƙwararren mai tantancewa zai gani, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Aikin ya yi amfani, domin ya fallasa mujallun da kuɗin marubuci kawai suke so. Amma ku ji yadda ya ɓad da kama: ya ƙirƙiro sunayen marubuta da cibiyoyin bincike masu kama da na Afirka, sannan ya sa na'ura ta juya rubutun zuwa Faransanci ta dawo da shi Turanci don harshen ya gurgunce. Dalilinsa shi ne idan edita ya nemi sunan a intanet bai samu ba, ba zai yi mamaki ba. Na fahimci dabarar, amma duk wanda ya taɓa aika bincike daga wata jami'ar Afirka ya san cewa wannan zato da aka dogara da shi, shi ne kuma ake auna namu aikin na gaskiya da shi. Asimov bai ari sunan kowa ba, bai kuma ɗana wa kowa tarko ba.

Malam Nasiru:
Bari in ƙara wani misali da ya juya maganar ta wata fuska. A 1963 marubucin Amurka Kurt Vonnegut ya fitar da littafinsa Cat's Cradle, wanda a cikinsa akwai ƙanƙara ta tara, wato wata irin ƙanƙara da ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 45.8 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan ƙwaya guda ta taɓa ruwa sai ruwan duka ya daskare ya zama irinta, daga kogi har teku. Tushen dabarar gaskiya ne, domin ƙwayar kiristal guda takan sa ruwan da ya ƙoshi da narkakken sinadari ya daskare nan take, kuma wansa Bernard Vonnegut shi ne ya gano a 1946 cewa wani sinadarin azurfa yana sa gajimare ya haɗa ƙanƙara. Babu wanda ya ruɗe da wannan littafi, kowa ya san labari ne.

Amma a cikin waɗannan shekarun, wasu masana a Tarayyar Sobiyat, Nikolai Fedyakin da farko, daga baya Boris Derjaguin, suka ba da rahoton cewa sun samu wani sabon nau'in ruwa a cikin siraran bututun gilashi, mai kauri, wanda ba ya tafasa ko daskarewa a inda ruwa ya saba. Masana a Ingila da Amurka suka karɓa, aka buga ɗaruruwan maƙalu, har a 1969 wani masani ya rubuta wa mujallar Nature wasiƙa yana gargaɗin cewa idan wannan ruwa ya kuɓuce daga ɗakin gwaji zai iya mai da ruwan duniya irinsa. Daga baya aka gano ruwa ne na yau da kullum da datti ya gurɓata, har wani mai bincike a Amurka ya nuna cewa gumin jikinsa yana ba da irin sakamakon. A 1973 Derjaguin ya amince cewa babu wani sabon ruwa. Waɗannan mutane ba wasa suke yi ba, jadawalinsu na gaske ne, manazartarsu ma na gaske ne, kuma su ne suka ɓata wa duniyar kimiyya shekaru, ba Asimov ko Vonnegut ba.

Injiniya Bashir:
Kuma ana iya ruɗa mutane ba tare da an faɗi ƙarya ko guda ba. A 1997 wani ɗan makaranta mai shekara 14 a jihar Idaho ya gabatar wa 'yan ajinsu 50 bayani a kan wani sinadari da ya kira da dogon sunansa na kimiyya, ya ce yana sa ƙarfe tsatsa, yana ƙona fata idan ya zama tururi, yana kashe wanda ya shaƙe shi. Guda 43 suka goyi bayan a haramta shi. Ruwan sha ne.

Malam Tukur:
Injiniya, wannan misalin nawa ne ba naka ba, domin ya nuna cewa sunan kimiyya kaɗai ya isa ya kashe wa mutum tunani, balle a haɗa masa da jadawali. Na yarda Asimov bai yi niyyar cuta ba, na kuma yarda malamansa sun fahimce shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauka kowane mai karatu farfesa ne. Idan wani cikinku zai rubuta irin wannan da Hausa, kuma na ga alamar wasu hannunsu na ƙaiƙayi, to ya sa alamar a cikin rubutun kansa, a sama da ƙasa, yadda ko an yanke shafin za ta bi shi.

Malam Nasiru:
Allah ya gafarta Malam, ni ba rubutawa zan yi ba, amma ina da niyyar taƙaita maƙalar 1948 in raba wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare ba tare da na ce musu komai ba, in nemi kowa ya ja layi a ƙarƙashin jimlar farko da ya ga ba za ta yiwu ba, ya kuma faɗi dalilinsa. Dakta, idan za ki taimaka da jadawali mai sauƙi wanda ya dace da matakinsu, zan yi godiya.

Dakta Hauwa:
Zan turo maka in sha Allah, kuma zan sa alƙaluman su gangara daga sakan 5 zuwa ƙasa da sifili don a ga wanda zai fara tsayawa.

Malam Tukur:
Sharaɗina guda ne, Malam Nasiru. Ka faɗa musu gaskiya kafin a kaɗa ƙararrawa, kuma ka karɓe takardun duka ka ƙirga su kafin kowa ya fita daga ajin.